Yadda Ƙahon Sa Ya Kusa Raba Ni da Makullin Mota

Tun da na dawo daga Kalgo ban huta ba. A masallaci tambaya, a wurin mai shayi tambaya, har wani da rabona da shi tun muna koyarwa a Masama ya tako takanas, wai ya ji an ce na kwana a hannun hukuma. Wani ya ce mutum ɗaya na kaɗe, wani ya ce biyu ne. Na maimaita har bakina ya yi tsami. Don haka ga labarin a rubuce, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha furata lafiya.

Kun dai san ni, Ummaru hedimasta, na ajiye alli shekara tara ke nan. Motar da kuke gani a ƙofar gidana ba ni na saya ba, 'yata Nana ce da ke aikin banki a Sakkwato. Ita ta yi mata inshora, kuma ba irin 'yar takardar nan da ake yanka don a wuce shinge ba. Cikakkiya ce, in motarka ta bugu kamfani ya gyara, in ka yi wa wani ɓarna su biya shi. A tsarinsu, duk shekarar da ta zagayo ba ka nemi su biya komai ba, sai su yi maka ragi wajen sabuntawa, ragin yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Ranar da ka nema kuwa ya rushe, ka koma farko. Wakilinsu da ke Birnin Kebbi, wani saurayi mai suna Nasiru, in yana yi mini bayani da Hausa, neman biyan nan yake ce wa neman diyya. Ni ma sai bakina ya kama.

Shekara bakwai ban nemi ko sisi ba. To da Sallar da ta wuce Nana ta zo gida, ta gan ni ina kai jarida nesa ina dawo da ita kusa. Sai da za ta tafi ta tare ni da maganar.

"Baba, ba zan yi gardamar ido da kai ba," in ji ta. "Takardar inshora ce alƙalinmu. Muddin ta zo da ragi, makulli naka ne. Ranar da ragin ya faɗi, zan ɗauko maka direba."

Direba! Wato ni Ummaru in zan je ta'aziyya Maruda sai na jira wani ya gama karin kumallo. In koma kujerar baya kamar buhun gero. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don mutumin da ya bar aiki, motar nan ce kaɗai ta rage masa da zai ce yau zan je wuri kaza, ya tashi ya tafi. Ranar da na kama hanyar Kalgo saura kwana tara a sabunta.

Abin da ya kai ni kuwa dubiya ce. Malam Hali, abokin aikina na dā, ya yi jinya ya tashi, na ce ya kamata in je in gan shi da idona. Da hantsi na goge mota, na sa mazarƙwaila da albasa a but, ina shirin tashi sai ga Kulu da ƙunshin kaya a ka. Kulu taubashiyata ce, 'yar ƙanen mahaifiyata, kuma tun muna yara ba ta taɓa barina na sha ruwa da daɗi ba. Wai ta ji zan je Kalgo, ita ma za ta wurin ɗiyarta.

"Wa ya ce miki motar haya ce?" na ce.

"To ai motar haya ta fi ta sauri," in ji ta, ta buɗe ƙofa ta shige.

Daga Gwandu zuwa Dalijan babu abin da bai wuce mu ba. Babura suka wuce, mai a-kori-kura ya wuce, har wani mai keke da kaji a baya ya jera da mu na ɗan lokaci, ya yi mana sannu da hanya. Kulu ta ce in tsaya ta sauka ta yi gaba, in na iso in tarar da ita. Na ce mata shekara bakwai ba da gudu na tara su ba. Kowane rami na san shi, ina kewaye shi kamar yadda ake kewaye mai barci a zaure.

Bayan Ambursa muka tarar da shingen masu duba takardu. Na miƙa wa jami'in fayil ɗina mai roba, ya buɗe, ya tsaya kan takardar inshora yana jujjuyawa, har ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani.

"Baba, cikakkiya ce fa! Rabon da in ga irin wannan a hannun mai ƙaramar mota na manta."

"Shekara bakwai babu ko ƙwarzane," na ce, da ƙarfi, don Kulu ta ji.

Ta ce, "Ɗana, ka ce masa ya ce in sha Allahu."

Ban ce ba. Na karɓi fayil ɗina muka wuce, muka ratsa Birnin Kebbi ina ta addu'a saboda 'yan acaɓa, muka miƙe hanyar Kalgo.

Ku da ba ku cika zuwa can ba, Kalgo ba kamar nan ba ce. Gari ne na mararraba, kowa kan hanya yake, mai zuwa Jega, mai zuwa Bunza, mai zuwa Kamba. Mu nan in ka gai da mutum sai ka tambayi gida da yara da gajiya da ruwan jiya. Can a bakin titi kana "ina kwana" mutum ya riga ya ce "lafiya lau" ya ɗare babur. Manyan motoci kuwa ba a magana, ƙararsu ta cika kunne.

Saura kaɗan mu shiga gari sai ga garken shanu yana tsallaka titi, za su gangara fadama tunda an kwashe shinkafa. Na taka birki na tsaya cak, wannan kam na yi daidai. Na jira, na jira, na ga kamar sun ƙare, sai na danna hon zan wuce. Ni da aka haifa a Gwandu, na tashi cikin Fulani, na san ba a yi wa shanu hon a kusa. Ashe akwai wani farin sa da ya rage a baya ta hannun hagu, kuma gaskiyar da ban faɗa wa masu shayi ba ita ce ban gan shi ba sam. Ya firgita ya juyo, ya kai wa mota ƙaho. Ji kake tas! Fitilar hagu ta tarwatse, gefen bonet ya lotsa.

"Innalillahi! Ummaru, ka kashe mu?" in ji Kulu.

"Da na kashe mu da kin yi shiru," na ce.

Kafin in fito mutane sun taru. A nan kam ba su da bambanci da mu: wannan ya ce tsautsayi ne, wancan ya ce Allah ya tsare gaba, wani yana tattara fasasshen gilashi da ƙafa. Mai shanun ya iso da sandarsa a kafaɗa, dattijo ne dogo, sunansa Malam Dikko. Bai dubi mota ba sai da ya dubi ni da Kulu ya ce, "Kowa lahiya?" Sannan ya kama san ya duba. Gindin ƙahon ya ɗan tsage, jini yana tsattsafowa kaɗan.

Ni kuwa babu abin da ke kaina sai kwana tara da kujerar baya. Na ciro waya na kira Nasiru, don ya sha gaya mini ko me ya faru in sanar da su. Ga ƙarar manyan motoci, ga layi yana yankewa, sai na buɗe murya irin ta taron safe a makaranta.

"Nasiru! Na yi karo a Kalgo! Eh, akwai jini! Kada ka rubuta diyya! Ka ji ko? Maganar diyya a dakata tukuna!"

Sai na ga kowa ya juyo yana kallona. Malam Dikko ya saki ƙahon sa ya matso.

"Diyya? Malam, wa yam mutu?"

A daidai lokacin wata motar haya ta garinmu ta rage gudu, direban ya leƙo ya gan ni, ya ga taro, ya ji abin da ya ji, ya taka mai. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa, kuma har yau bai zo ya ba ni haƙuri ba.

Na koma inuwar wata bishiya inda ake jin magana, Nasiru ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce sanarwa daban, neman biya daban. In na ɗauki hoto na tura, na gyara fitilar da kaina, ragina yana nan. Har na fara hamdala sai ya ce, "Amma Baba, akwai mai san. In shi ya ce a biya shi raunin dabbarsa, daga inshorarka za a biya, ragin ya tafi ke nan. Sai in ya rubuta cewa ba ya neman komai, ya sa hannu."

Wato makullina yana hannun mutumin da ban taɓa gani ba sai yau, wanda na fasa wa sa ƙaho. Na je na durƙusa kusa da shi, na yi masa bayanin kamfani da ragi da komai, har da maganar Nana da direba, don na ga ɓoyewa ba ta da amfani. Ya saurara yana kallon ƙasa.

"Yanzu wannan ɗan tsagewar ita kuka ce ma diyya?" in ji shi. "Mu inda muka taso, ba a ambaton diyya sai an yi rai. Kun ɗauki babbar kalma kun ɗora ma fitila."

"Haka kamfani ke faɗi, Malam."

"To kamfani ya gyara bakinai. Ni ban neman komi. San nan dama mai hushi ne, in shafa mai magani kwana uku ya warke. Ni ya kamata in ba ka haƙuri."

Sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Sai na yi kuskure na biyu, na ciro biro da takarda na ce to ya sa mini hannu. Fuskarsa ta canja nan take.

"Na hwaɗa maka gaban jama'a, bai isa ba?"

Ya miƙe ya saɓa sandarsa. Na ga makulli yana tafiya da ƙafafunsa. Wallahi Kulu ce ta cece ni, ita da ba ta taɓa yi mini rana ba. Ta sha gabansa ta rusuna.

"Malam, ka yi wa Allah. Maganarka ta isa har ta yi yawa. Takardar ba don shi ba ce, don mutanen ofis ce, su ba su san mutum ba sai takarda. Ka dubi tsohon nan, in aka karɓe motar, a kaina zai ƙare, kullum yana zaure yana yi mini lacca."

Malam Dikko ya yi murmushi bai so ba. Ya karɓi biro, ya zauna ya ɗora takardar a gwiwa. Ni ina jiran ya dangwala yatsa, har na fara neman tawada a fayil, sai na ga ya fara daga hannun dama, yana jan ajami tsaf kamar an buga da inji. Layi biyu: sunansa, da cewa ya yafe abin da ya sami sansa, ba ya bin kowa komai duniya da lahira. Na ji kunya ta kama ni, ni hedimasta. Ya miƙo mini, ya bi shanunsa, ko mazarƙwailar da na bi shi da ita bai karɓa ba.

Na ɗauki hoton takardar da na mota na tura. Nasiru ya kira yana dariya.

"Baba, a fom ɗinmu babu gurbin lahira fa. Amma na karanta, na yi allo ai. Zan fassara in haɗa da ita. Ragi yana nan."

A nan ya kamata in kira gida. Sai na yi tunanin in Nana ta kira ta ji muryata za ta gane, yarinyar nan tun tana ƙarama ba a ɓoye mata abu. Na ce bari in gyara mota tukuna, in koma kamar ba a yi ba. Na kashe waya na jefa aljihu. Na kai Kulu gidan ɗiyarta, na sa ta yi mini alkawari ba za ta faɗa wa kowa komai ba. Na kai mota garejin wani mai gyaran jikin mota da ta kwatanta mini, ya ce lotsawar aikin safiya ce, fitila kuwa sai an aiko daga Birnin Kebbi gobe. Kwana ya kama ni ke nan.

Malam Hali ya yi murna har da ƙwalla. Ya rame, amma bakin yana nan. Aka share mini ɗakin baƙi, katifa sabuwa da gidan sauro. Abinci kuwa, mutanen can kifi ne gaisuwarsu. Da rana kifi, da la'asar aka kawo soyayye wai a taɓa, bayan magariba tuwon shinkafa da miyar kifi. Mu nan in baƙo ya zo kaza ake kamawa, in ka ba shi kifi sai a ce ka raina shi. Can kuwa maigida da kansa yake zaɓo maka kan kifin ya ajiye gabanka, kuma in ka bar shi ka yi laifi. Na yi ta fama da ƙaya, ɗaya ta maƙale mini sai da na haɗiyi lomar tuwo uku ba miya. Na nemi fura aka kawo, ba laifi, amma nononsu bai kai namu kauri ba, na kuma gaya wa Malam Hali haka. Muka yi hirar ɗaliban da muka koyar, waɗanda suka zama mutane da waɗanda suka fi ƙarfinmu. Na yi barcina lafiya, ban san Gwandu ta kama da wuta ba.

Abin da ya faru, daga baya aka ba ni labari. Direban nan ya sauke fasinja a tasha ya ce ya ga Hedimasta a Kalgo, an taru, akwai jini, ana maganar diyya. Kafin la'asar magana ta kai gidana. Aka kira wayata a kashe. Lambar Malam Hali ni kaɗai ke da ita. Sai aka kira Kulu, ita kuma baiwar Allah ta riƙe alkawari, ta ce, "Ni dai ya ce kada in faɗa wa kowa komai, sai dai ku yi ta addu'a." Ku ji fa! Maiɗakina ta zube a tsakar gida, maƙwabta suka cika zaure, aka kira Nana.

Washegari da hantsi ina gareji zaune kan benci, ina cin masa, ina nuna wa mai gyara inda bai buga daidai ba, sai wata mota ta tsaya da ƙarfi. Nana ta fito. Mayafinta a karkace, takalmin ƙafarta na wanka ne, idanunta sun kumbura. Tun asuba ta baro Sakkwato. Ta fara zuwa ofishin 'yan sanda aka ce babu wannan magana, ta je asibiti ta bi gado gado, sannan ta nemo Kulu ta nuna mata gareji.

Ta tsaya tana kallona, ni da masa a hannu.

"Baba, wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu, Nana. Fitila ce."

"An ce diyya."

"Ta inshora ce. Sa ne ya kai wa mota ƙaho, kuma mai shi ya yafe, ga takarda. Ragin ma yana nan, ki tambayi Nasiru, bai faɗi ba, ko kaɗan bai..."

Ban ƙarasa ba ta durƙushe a ƙasar garejin nan, cikin baƙin mai, ta riƙe ƙafata tana kuka kamar ranar da na fara kai ta makaranta. Mai gyara ya ajiye guduma ya ba mu wuri. Ni da na kwana ina lissafin yadda zan tsira da makulli, ita ta kwana tana tunanin ko gawa za ta tarar ko uba a ɗaure. Ban taɓa jin na yi wauta irin ta ranar ba.

Da ta natsu ta share fuska, ta karɓi takardar ajamin ta duba, ta dubi fitilar da ake ɗaurawa, sai dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye. Na ciro makullin daga aljihu na miƙa mata.

Ta tura mini hannuna. "Riƙe abinka, Baba. Alkawarin takarda muka yi, takarda kuma ba ta faɗi ba. Amma in ka sake kashe mini waya, ko ragin shekara ɗari gare ka sai na kwashe tayoyin."

Na mayar da shi aljihu. Sannan na faɗi abin da ban faɗa wa Nasiru ba, ban faɗa wa Kulu ba.

"Nana, san nan fari ne tas, da rana tsaka. Ban gan shi ba."

Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ce, "To. Litinin akwai likitan ido a Sakkwato, in aka wanke maka idon shi ke nan. Za ka zo?"

Na ce zan zo.

Da azahar aka gama mota, muka yi sallama da Malam Hali, ya cika mana but da busasshen kifi. Muka kamo hanyar gida, ni a gaba da motata, Nana a baya da tata. Tun daga Kalgo har ƙofar gidana ina kallonta a madubi, tana bin tafiyata ta kunkuru, manyan motoci suna ta yi mata hon, ba ta wuce ni ba ko sau ɗaya.